Faifan CD ko Waƙar Fayil da Intanet: Wanne Zai Fi Maka Daɗin Ji a Gida?

Duk inda masu son kiɗa suka zauna gardama a kan faifan CD da waƙar da ake kunnawa daga wayar hannu ko kwamfuta, sai ka ji wani ya ce CD ya fi dijital daɗi. Tun daga nan maganar ta karkace, domin CD kansa dijital ne tun ranar da aka ƙirƙiro shi. Ba kamar faifan garmaho yake ba, wanda allura ke bin tsaginsa tana rawa sauti na fita. Abin da ke kwance a jikin CD lambobi ne zalla, an jera su a siffar 'yan ramukan da ido ba ya gani, hasken leza na karanta su daga tsakiyar faifan zuwa bakinsa. To, tambayar da ke gaban mai son haɗa kayan sauti a gidansa ita ce: lambobin nan sun fi daɗin ji idan an karanto su daga faifai mai juyawa, ko daidai suke da waɗanda aka karanto daga fayil ko aka jawo ta intanet? Idan lambobin iri ɗaya ne, kuma suka bi ta na'ura ɗaya, sautin ma ɗaya ne. Sai dai sau da yawa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan gizo ke saƙar.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan ne suka haɗu suka tsara ƙa'idar CD a 1980, na'urar farko kuma, Sony CDP-101, ta shiga kasuwar Japan a watan Oktoban 1982. Ƙa'idar nan ba ta motsa ba har yau. Ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, ana rubuta kowane awo da bit 16 (bit lamba ce guda, 0 ko 1), ɗaya na ɓangaren hagu ɗaya na dama. Idan ka ninka za ka sami kilobit 1,411 a sakan, wato kimanin megabait 10 a kowane minti na kiɗa.

Ya kamata a san abin da waɗannan alƙaluma ke nufi ga kunne, don da su ne ake ruɗa masu saye. Awo sau 44,100 yana iya riƙe duk sautin da girgizarsa ba ta kai sau 22,050 a sakan ba, kuma ya dawo da shi sumul, ba a siffar matakala ba kamar yadda ake zanawa a tallace-tallace. Lissafi ne tabbatacce da ke ɗauke da sunayen Nyquist da Shannon. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa ne a wajen 20,000, kuma yadda shekaru ke ja haka iyakar ke saukowa. Da yawa daga masu shekara 50 ba sa jin abin da ya haura 15,000. Bit 16 kuwa yana ba da matakai 65,536, wanda ke nufin tazarar kimanin desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti) tsakanin mafi ƙarfin sauti da ƙasan da surutun lissafin ke zaune. Ɗaki mai shiru da dare yana da nasa surutun na wajen desibel 30. Kafin ka cinye tazarar CD gaba ɗaya a irin wannan ɗaki, sai ka ƙure ƙara har ta wuce desibel 120, inda kunne ke fara zafi. Waɗanda suka tsara CD ba su yi rowa ba, sun auna shi daidai da kunnen ɗan Adam har da ɗan rara.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ke wahalar yarda da shi: ana iya kwafe waɗannan lambobi daga faifai zuwa kwamfuta ba tare da ko ɗaya ya ɓace ba. Lambar waya, ko da alli aka rubuta ta a bango ko da ruwan zinariya a takarda mai tsada, mutum ɗaya za ta kira maka. Manhajoji irin su Exact Audio Copy da dBpoweramp, ko XLD ga masu Mac, suna karanta faifai su kwatanta abin da suka samu da rumbun AccurateRip, inda ake ajiye shaidar kwafin da wasu mutane suka yi na wannan faifai ɗin. Idan naka ya yi daidai da nasu, ka tabbata babu kuskure. Har ma kwamfuta ta ɗan fi na'urar CD dama a nan. Na'urar CD tana karatu ne kiɗa na tafiya, ba ta da lokacin tsayawa. Tana da tsarin gyaran kuskure mai ƙarfi da ake kira CIRC, wanda ke cike ƙananan giɓin da ƙura da ƙarzuwa ke jawowa ba tare da an ji komai ba, amma idan ƙarzuwar ta fi ƙarfinsa sai na'urar ta ƙiyasta abin da ya kamata ya kasance a wurin, idan abin ya yi muni kuma ka ji ƙas, ko waƙar ta yi tsalle. Kwamfuta kuwa tana iya komawa kan wurin nan sau da yawa har sai ta karanto daidai, sau ɗaya tak a rayuwar faifan.

Abin da aka kwafo ana ajiye shi a matsayin FLAC, wanda ya fito a 2001, ko ALAC na kamfanin Apple. Su biyun suna rage girman fayil zuwa wajen rabi ko ɗan sama da haka, amma idan aka zo kunnawa suna warware shi ya koma lambobin asali cif. Duk wanda ya ce maka FLAC da aka ciro daga CD bai kai CD ɗin ba, to ba a fayil ɗin matsalar take ba, a nemi ta a wani wuri.

Wuri na farko da za a duba shi ne matsewa mai zubar da wani abu. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi jagorancin ƙirƙirarsa kuma aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, dabararsa ita ce ya yar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da su ba, misali siririn sautin da ya zo daidai da wani mai ƙarfi da ya danne shi. A kilobit 128, fayil ɗin bai wuce kashi ɗaya cikin 11 na girman CD ba. A wannan mataki bambancin yana nan, kuma mai kayan sauti masu ɗan kyau zai kama shi idan ya san inda zai sa kunne. Ka saurari tafin jama'a a waƙar da aka ɗauka a dandali: a CD kana jin hannuwa daban-daban, a MP3 mai rauni sai su narke su koma kamar ruwa na zuba a kwano. Ka saurari farantan ƙarfen da mai ganga ke bugawa, yadda amonsu ke daɗewa yana dusashewa a hankali. A fayil mai rauni sai ya riƙa kaɗawa yana shuu-shuu, ya yanke da wuri. Haruffan "s" da "sh" a bakin mawaƙi su ma kan yi kaushi. Irin waɗannan fayiloli galibi an datse musu duk abin da ya haura girgiza 16,000.

Amma da zarar an hau zuwa AAC mai kilobit 256, ko MP3 da Vorbis masu 320 (AAC da Vorbis ma hanyoyin matsewa ne masu zubarwa irin MP3), labari ya canza. Mafi yawan mutane, a mafi yawan waƙoƙi, ba sa iya rarrabe su da CD idan aka ɓoye musu wanne ne wanne. Akwai 'yan wurare masu wuya da kunne horarre kan kama, amma ba irin bambancin da zai hana ka jin daɗin waƙa ba ne. Abin da na fi jin tsoro shi ne fayil mai sunan ƙarya. Waƙar da aka zaro daga bidiyon YouTube aka mayar da ita MP3 an matse ta sau biyu ke nan, kuma ko an rubuta mata 320 ko an mayar da ita FLAC, abin da aka zubar ya tafi. Wannan cuta ba ta bar faifai ba: CD ɗin da wani ya ƙona a kwamfutarsa daga tarin MP3 yana da siffar CD, na'ura za ta karɓe shi a matsayin CD, amma sautin MP3 ne a ciki. Mutum zai iya shekaru yana kare martabar faifai alhali abin da yake ji bai kai na mai sauraro ta intanet ba.

Manhajojin sauraro ta intanet kuwa yanzu kusan duk manyansu suna ba da ingancin CD ko fiye. Tidal da Qobuz da Deezer sun daɗe suna yi da FLAC, Amazon ya shigo a 2019, Apple Music a 2021, Spotify bai bi sahu ba sai a 2025. Sai dai biyan kuɗin wata ba ya nufin kana samun wannan inganci. A manhajoji da yawa sai ka shiga saiti da kanka ka zaɓa, kuma idan ka bar shi a kan zaɓi na atomatik, da intanet ya yi rauni za a sauke ka zuwa ƙasa ba tare da sanarwa ba. Akwai kuma lissafin data. Awa ɗaya a kilobit 128 ba ta kai megabait 60 ba, a 320 tana cin 144, a ingancin CD kuwa tana iya kaiwa 300 zuwa 400 ko fiye. Wanda intanet ɗinsa ke da awo, gara ya sauke waƙoƙin da yake yawan ji sau ɗaya ya ajiye.

Wuri na biyu shi ne hanyar da sautin ke bi daga wayar zuwa lasifika, kuma a ganina a nan ne mafi yawan gidaje ke asara ba su sani ba. Bluetooth ba shi da faɗin da zai ɗauki kilobit 1,411 cikin natsuwa, don haka kusan kullum sai ya sake matse sautin kafin ya tura. SBC, hanyar matsewar Bluetooth da kowace na'ura ke da ita, yana tsayawa a wajen 328. AAC da aptX ma masu zubarwa ne, LDAC na Sony yana kaiwa 990 idan yanayi ya yi kyau, ya sauko idan bai yi ba. Ka biya kuɗin inganci marar asara, ka tura ta Bluetooth, ka dawo gidan jiya. Ba ina cewa Bluetooth ba ya sauraruwa ba ne. Yana da daɗi ga mai aiki a ɗaki yana son kiɗa a gefe. Amma bai dace a ɗora shi a sikeli da na'urar CD da ke haɗe da kebul sannan a ce dijital ya faɗi ba. Hanyar da ta dace ita ce kebul, ko Wi-Fi ta irin su AirPlay, Chromecast, Spotify Connect da Tidal Connect. A yawancinsu wayar hannu tana zama abin ba da umarni ne kawai, akwatin da ke jikin amfilifaya shi ke jawo waƙar da kansa.

Sannan ga abubuwan da waya da kwamfuta ke yi wa sauti a ɓoye. Wani ya taɓa saitin ƙara kaurin sauti shekara biyu da suka wuce ya manta. Wata wayar ta zo daga kamfani da saitin faɗaɗa sauti a kunne. Wani lokacin manhaja ta zaɓo maka sigar Dolby Atmos ta waƙar, wadda haɗi ne dabam da wanda ke kan faifai. Windows da Android kan mayar da 44,100 zuwa 48,000 kafin su fitar. Idan an yi shi da kyau ba a ji, ban kuma ɗauke shi babban abu ba, amma sauran da na lissafa ana jin su sarai. Falalar na'urar CD a nan ita ce ba ta da inda za a yi kuskure. Ka sa faifai, ka danna, abin da ke ciki ya fito.

Wuri na uku shi ne na'urar da ke mayar da lambobi su zama wutar da lasifika ke fahimta, wadda ake kira DAC. Kowace na'urar CD abu biyu ce a akwati ɗaya: injin da ke juya faifai ya karanta, da DAC. Wayarka ma tana da nata, talabijin ma haka. Idan mutum ya ce CD ɗinsa ya fi kwamfutarsa daɗi, sau da yawa gaskiya ya faɗa, amma abin da ya kwatanta shi ne DAC mai kyau da aka keɓe masa wuta mai tsabta, da wani ɗan ƙarami da aka cusa a cikin kwamfuta kusa da fanka da caja. Gwada wannan: haɗa tsohuwar laftof da amfilifaya ta ramin iyafis, kada ka kunna komai, ka ɗaga ƙara. Sau da yawa za ka ji zzz, ka motsa linzami sautin ya canza, ka zare caja ya ragu ko ya ɗauke. Wannan dattin wuta ne, ba laifin fayil ba. DAC na waje da ake haɗawa ta USB, ko kebul mai haske na Toslink wanda ba ya ɗaukar wuta kwata-kwata, yakan kashe matsalar. Kuma ba sai mai tsada ba. Fasahar ta nuna tuntuni, har ƙananan DAC masu kyau suna da surutu da murɗiya ƙasa da abin da kunne ke iya kamawa. Rawar agogon na'ura da ake yawan tsoratar da mutane da ita, wato awo ya zo kafin lokacinsa ko bayansa da ɗan ƙanƙanin lokaci, matsala ce ta gaske a wasu tsofaffin kaya, amma a na zamani masu kyau ta yi ƙasa ƙwarai.

Akwai wani tarko da ke kama kusan kowa. Na'urar CD ta gida kan fitar da wajen volt 2, wayoyin hannu da yawa kuwa volt 1 ko ƙasa da haka. Tazarar desibel 6 ke nan. Ka sauya daga wannan zuwa wancan ba ka taɓa maɓallin ƙara ba, dole CD ya fito da ƙarfi, da cika, da kauri. Kunne yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ko da tazarar ba ta kai desibel ɗaya ba, kuma ba ya gaya maka cewa ƙara ce. Sai ya ce maka wannan ya fi fitowa fes.

Wuri na huɗu shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ne ke iya sa in ce wa mutum ya tashi ya nemo wani takamaiman faifai. Kafin waƙa ta fita daga situdiyo ana yi mata gyaran ƙarshe, wanda masu sana'ar ke kira mastarin: a daidaita kauri da sirantaka, a tsayar da yawan ƙara. Kundi ɗaya yana iya samun mastarin uku ko huɗu a tsawon shekaru, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya ninka na MP3 mai kyau da FLAC nesa ba kusa ba. Daga shekarun 1990 zuwa na 2000 kamfanonin waƙa suka shiga gasar ƙara, kowa na son tasa ta fi ta wani tashi a rediyo. A dijital akwai rufin da ba a wucewa, don haka hanyar ƙara ƙarfi ita ce a danne wurare masu tashi, a ɗago masu laushi, har komai ya zama tsayi ɗaya. Sakamakon yana burgewa a minti na farko. Bayan rabin awa sai ka ji ka gaji, ka rasa dalili. Bugun ganga da ya kamata ya fito ya doke ka a ƙirji ya zama ɗan taɓi, amshin da ya kamata ya tashi sama da baiti ya tsaya daidai da shi, mawaƙi ya yi raɗa da ihu duk a ƙara ɗaya. Ina jin takaicin wannan sosai, domin faifan da aka ba tazarar desibel 96 an wayi gari ana cusa masa kiɗan da bai amfani da ko goma.

Yadda wannan ya shafi zaɓinka shi ne: tsofaffin kundaye da yawa an sake musu mastarin a wancan zamani, kuma sau da yawa sabuwar sigar ce kamfani ke ɗorawa a intanet. Wanda ke riƙe da bugun CD na shekarun 1980 yana iya kasancewa da sigar da ta fi numfashi, kuma idan ya ce faifansa ya fi abin da ke manhaja, ba ruɗu yake ba. Sai dai kada a mayar da shi doka. Akwai CD na farko-farko da aka yi daga kwafin kaset ɗin situdiyo da ya gaji, wanda sabon gyara ya fi shi ta kowace fuska. Akwai kuma ɗimbin CD na shekarun 2000 da su ne ainihin waɗanda gasar ƙara ta lalata. Abin lura shi ne sigar, ba abin da aka zuba ta a ciki ba. Wani abin alheri ma daga intanet ya zo: Spotify da Apple Music da YouTube suna daidaita ƙarar waƙoƙi, wanda ya cika ƙara a sauke shi, don haka ribar danne kiɗa ta ragu. Amma saukewar ba ta dawo da abin da aka danne. Waƙar tana nan a matse, ƙararta kawai aka rage.

Sai batun abin da ake tallatawa da sunan inganci fiye da CD: bit 24, awo 96,000 ko 192,000. A situdiyo yana da amfani na gaske, domin yana ba mai haɗa sauti sarari ya yi ta gyara ba tare da surutu ya taru ba. A falo kuwa hujjarsa ba ta da ƙarfi. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda suka riƙa kunna faifan SACD da DVD-Audio, waɗanda ƙa'idarsu ta haura ta CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci a rage shi zuwa ƙa'idar CD, masu sauraro ba su san wanne ba. Cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da jefa kwabo. An soki aikin cewa wasu faifan da aka yi amfani da su asalinsu ba masu babban inganci ba ne. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya sake lissafi, ya sami cewa akwai ɗan bambancin da ake iya ji, ana dacewa kaɗan sama da kashi 52 cikin 100, kuma horo yana ƙara yawan dacewar. Idan ka haɗa biyun, abin da za ka ɗauka shi ne ko akwai bambanci, siriri ne ƙwarai. Idan fayil mai bit 24 ya fi CD ɗinka daɗi a fili, mafi kusa shi ne an yi masa mastarin dabam. Ka saye shi don wannan, ba don alƙaluman da ke jikinsa ba.

Duk wannan kana iya gwada shi da kunnenka, kuma na fi son haka da ka yarda da ni. Ka ciro waƙar da ka sani sosai daga CD zuwa FLAC, ka yi mata kwafi na MP3 mai 320 da wani mai 128. Manhajar foobar2000 tana da ƙarin da ake sa mata na gwajin ABX: ta ba ka A, ta ba ka B, ta ba ka X, kai kuma ka faɗi X wanne ne. Ka zaɓi sakan goma masu wuya, inda akwai tafi ko ƙarfe, ka maimaita sau 16. Dacewa 9 ko 10 ba ta nuna komai ba, sai ka kai 12 ko 13 za a fara magana. Idan kuma na'urar CD kake son gwadawa da akwatin intanet, ka haɗa su biyun da DAC ɗaya ta kebul na dijital, ka tabbatar sigar kundin ɗaya ce, ka kashe daidaita ƙara a manhaja, wani ya riƙa sauya maka kana ba shi baya.

Bayan sauti akwai abubuwan da su ma suna da nauyi a sikeli. Faifan da ka saya naka ne. Ba ya buƙatar intanet, ba ya ɓacewa don yarjejeniyar kamfani da mawaƙi ta ƙare, ba wanda zai sauya maka sigarsa da dare. A manhaja haya kake yi, ranar da ka daina biya an rufe ƙofa, amma kuma tana buɗe maka miliyoyin waƙoƙin da ba za ka taɓa iya tarawa ba, kuma babu hanyar gano sabon kiɗa da ta kai ta. Faifai yana son kulawa: a riƙe shi ta baki, a goge shi daga tsakiya zuwa waje ba a kewaye ba, a kuma kiyaye ɓangaren rubutu fiye da ɓangaren ƙyalli, domin lambobin suna dab da ƙarƙashin fentin ne, ƙarzuwa a can ba ta gyaruwa. Wanda aka buga a masana'anta yana shekaru da dama lafiya, wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa rini ne a cikinsa, zafi da rana na cin sa. Fayil ba ya ƙarzuwa, amma rumbun ajiya yana mutuwa rana ɗaya ba sallama, don haka kwafi ɗaya bai isa ba.

Akwai kuma abin da awo ba ya kamawa. Mai sa faifai yakan zauna ya ji kundi daga farko har ƙarshe, wayarsa na can gefe. Mai waya a hannu yana tsallake waƙa tun ba ta kai amshi ba, saƙo na shigowa, ido na kan allo. Kiɗan da aka ba hankali ya fi daɗi, kuma ina ganin kaso mai yawa na ƙaunar da ake yi wa CD daga nan take. Dalili ne mai kyau na riƙe faifai, ba sai an jingina shi da lambobi ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Wanda ya riga ya tara faifai, kada ya rabu da su. Ya kwafe su zuwa FLAC, ya ajiye kwafi biyu a wurare dabam, ya ci gaba da kunna faifan duk lokacin da ransa ya so. Wanda zai fara daga babu kuma yana da intanet mai ƙarfi, ya ɗauki manhaja mai ingancin CD da ƙaramin akwatin Wi-Fi ko DAC na USB, ya sayi faifai kawai na kundayen da yake ƙauna ko waɗanda ya gano tsohuwar sigarsu ta fi. Wanda intanet ɗinsa ke yankewa ko data ke masa tsada, faifai da fayilolin da ke ajiye a gida su ne nasa. AAC mai 256 da aka yi kai tsaye daga asali mai kyau ba abin kunya ba ne ko a kaya masu tsada.

Kowanne ka zaɓa, kada kuɗinka ya ƙare a nan. Murɗiyar da DAC mai kyau ke yi wa sauti ba ta kai ɗigo ba idan aka kwatanta da ta lasifika, ɗaki kuma yana iya ɗaga wani kaurin sauti ko ya haɗiye shi da desibel 10 ko fiye, gwargwadon inda ka zauna. Kaso mafi girma ya tafi ga lasifika. Ka janye su daga lungu da jikin bango, ka ɗaga su ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya yi daidai da kunnenka a zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazararka da kowannensu. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana son darduma da labule mai kauri.

Idan kuma na'urar CD ta hannu za ka saya, ka je da faifanka biyu, ɗaya mai tsabta ɗaya mai 'yar ƙarzuwa. Ka lura da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta gane faifai, domin jinkiri alama ce ta leza ya fara rauni. Ka tsallaka zuwa waƙar ƙarshe, wadda ke bakin faifai, a nan gajiyayyen inji ya fi tuntuɓe. Ka buɗe tiren ka rufe sau da yawa ka ga ko robar da ke jansa ta saki. Sannan ka leƙa bayanta ka tabbatar akwai mafitar dijital, ta haske ko ta kebul, don ko DAC ɗin cikinta ya tsufa kana iya haɗa ta da wani na waje.